Idon Baba da Jirgin da Yake Jira

Arlit, ranar Laraba

Zuwa ga Yayana Muktari,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Siddiƙa da yara. Yaya aiki, yaya zaman Lome da danshin bakin teku? Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan sai godiya. Maigidana Alkassoum yana nan yana tuƙa kar, motar ɗaukar ma'aikatan ma'adinai, kullum ana raɗe-raɗin za a rage mutane, amma har yanzu Allah bai sa an taɓa shi ba. Ni'imatullahi ta shiga kolej bana, Fatahu kuma ya yi ƴar mura ya warke. Gwaggo Tata ta zo daga Agadas ta ɗan kwana biyu da mu, ta koma tana faɗan cewa ka daina kiranta, don haka ka san yadda za ka yi da ita.

Na san za ka yi mamakin ganin doguwar takarda daga gare ni alhali muna magana ta waya. Dalili shi ne gidan nan ba shi da wurin ɓuya, kunnen Baba kuwa lafiyarsa ƙalau, ko kaza ta motsa a bayan ɗaki yana ji. Maganar kuma tasa ce. Shi ya sa na zauna a kicin na rubuta, zan ɗauki hotonta in turo maka, ka karanta a natse.

Ka tuna kwamfutar da ka aiko masa shekarun baya, da sandar tuƙi, da wasan nan na tuƙa jirgin sama. Lokacin ni ma na yi dariya, na ce Yaya ya mai da Baba yaro. Daga baya na gane ka fi ni saninsa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a filin jirgin garin nan, yana zuba wa jirage mai, yana sa musu katako a ƙarƙashin taya, yana ɗaga wa matuƙa hannu su tashi su bar shi a ƙasa, ashe abin yana ransa bai taɓa faɗa ba. Tun rasuwar Inna ban ga abin da ya dawo masa da walwala kamar wannan ba. Ya koyi tashi, ya koyi sauka, har abokansa suke taruwa da hantsi a kan tabarma, Malam Hamadi yana dafa shayi, suna kallonsa yana kai su Agadas ya dawo da su. Idan ya sauka lafiya su yi masa barka da zuwa kamar gaske. Allah Ya saka maka da alheri a kan wannan, kada ka ɗauka abin da zan faɗa zargi ne.

Abin da ban gaya maka duka ba shi ne halin da idonsa yake ciki. A waya na ce maka yana ɗan fama da ido, shi ma haka ya ce maka, amma abin ya wuce nan. Da muka kai shi Agadas, lokotoron ido ya ce hawan jinin ido ne. Ya yi mana bayani cewa ciwon yana cin gani a hankali daga gefe zuwa tsakiya, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Idon hagu ya riga ya tafi, sai ɗan haske. Na dama shi ne ya rage, shi ma Baba ya ce wa lokotoro kamar yana leƙe ne ta cikin bututu. An ba shi maganin ɗigawa, muna ɗiga masa safe da yamma, amma da muka koma aka auna, aka ce maganin ya kasa riƙewa. Lokotoro ya ce aiki za a yi masa a Yamai, kuma kada mu yi wasa da lokaci, domin ba gyara ake so a yi ba, ceton abin da ya rage ne. Ya haɗa mu da wani abokin aikinsa a can wanda ya ce mu zo kafin ƙarshen wata mai kamawa.

To, a daidai wannan lokaci ne ka turo masa ɗan bidiyon nan na sabon wasan da za a fitar. Na san da kyakkyawar niyya ka turo. Yaya, ban san iya yawan kallon da ya yi wa bidiyon ba. Yakan kafa wayar daf da idonsa na dama, yana juya kai a hankali don ya bi hoton. Ka gaya masa wai a sabon an ɗauko hoton duniya duka daga sama, gida-gida, itace-itace. A wanda yake da shi yanzu, Arlit wani zane ne kawai a cikin rairayi, ƙauyenmu Kalgo kuwa babu shi sam, ya sha tashi ya nufi bayan Damagaram yana nema, sai fili kawai. Tun daga ranar ba shi da zance sai wannan. Ya sa Alkassoum ya buɗe kwamfutar ya hure mata ƙura. Ya sa an ɗinka mata riga. Kullum sai ya tambaye ni yau nawa ga wata.

Da na kawo maganar tafiya Yamai, sai ya ce a bari wasan ya fito tukuna, ai saura kaɗan. Na ƙyale shi, don a lokacin da gaske saura kaɗan ne. Sai kuma aka ɗaga ranar. Kai ka gaya masa, ka ce masu wasan sun ce ba su gama shiri ba, sai nan gaba, ba su ma faɗi rana tsayayya ba. Na ɗauka shi ke nan zai haƙura mu tafi. Ya yini bai ci abincin kirki ba, washegari ya ce mini ba komai, zai jira.

Ina so ka san abubuwan da nake gani, don kai daga nesa muryarsa kawai kake ji, muryar kuwa tana nan da ƙarfinta. Makon jiya ya zuba shayi a kan tabarma, gefen kofi, ya ci gaba da zubawa bai sani ba, sai da Malam Hamadi ya matsar da kofin a hankali. Ranar Juma'a, a hanyar masallaci, wani ɗan kabu-kabu ya fito ta gefensa na hagu, Allah ne kawai Ya kiyaye, hannun babur ya ja masa riga har ta yage. Ya dawo ya ce ƙusa ce ta kama shi, maƙwabciyarmu Dassin ce ta gaya mini gaskiyar abin da ya faru, don a gabanta aka yi. Ko a wasan nasa, saukar da yake yi cikin sauƙi yanzu sai ya kauce wa hanya, ya ce sandar ce ta lalace. Alkassoum ya gwada sandar, lafiyarta lau. Abokansa ma sun rage zuwa, ina jin nauyin ganin haka suke ji.

Alkassoum ya yi masa magana cikin ladabi, a matsayinsa na suruki ba zai iya matsawa ba. Gwaggo Tata ta yi nata faɗan, ta ce tsoho da shi zai ba da idonsa saboda wasan yara, ya tashi ya bar mata wurin. Ni na jira sai da ta tafi, na same shi da la'asar shi kaɗai, na zauna kusa da shi na yi kuka, abin da ban so yi ba. A nan ne ya buɗe mini cikinsa. Ya ce kada in ɗauka ya zauce, ya san wasa ne, ya san ba jirgin gaske ba ne. Ya ce amma ya san mutanen da aka yi wa aikin ido suka dawo ana jan su da sanda, ya kawo misalin yayan Malam Hamadi na Gougaram. Na ce ai ciwon kowa daban, kuma shi wancan ya makara ne kafin ya je. Ya ce ya ji, amma babu lokotoron da zai rantse masa cewa zai tashi daga gadon aiki yana gani. Ya ce ɗan ganin da ya rage a hannunsa yake yau, gobe bai sani ba, kuma abu ɗaya yake so ya yi da shi: ya tashi daga filin da ya yi wa bauta, da hannunsa, ya bi ta kan duwatsun Ayar, ya gangara kudu, ya zagaya kan Kalgo, ya ga tabkin da maƙabartar da Inna take kwance. Ka san bai samu jana'izarta ba, tunda a can ta rasu wajen ziyara, kuma tun daga lokacin bai koma ba.

Na ce to mu kai shi Kalgo da mota, ya gani da idonsa a ƙasa, daga can mu wuce Yamai. Ya ƙi. Ya ce bayansa ba zai ɗauki ramukan hanyar nan har sau biyu ba, kuma ba zai shiga garin da ya bari yana saurayi a riƙe da hannunsa kamar makaho ba. Ka san Baba idan ya faɗi magana da irin wannan murya.

Wani abin da yake hana ni sukuni, wanda ban gaya masa ba, shi ne ko wasan ya fito anya zai yi aiki a nan? Alkassoum ya tambayi wani mai gyaran kwamfuta a kasuwa, ya ce masa irin waɗannan sababbin suna jan hotunansu ne ta intanet a lokacin da ake wasan, kuma suna son na'ura mai ƙarfi. Ka san rezon wayarmu, saƙon murya ma sai ya yi ta juyawa kafin ya tafi. Ka san yadda wuta take ɗaukewa idan an samu matsala a tashar lantarki ta Tchirozérine. Kuma wa ya tabbatar mana masu wasan sun damu da wani ƙauye a bayan Damagaram? Ina tsoron ya jira, ya jira, idon ya ƙare a jira, ranar ta zo kuma ya tarar da fili kamar na da. Wallahi idan na tuna wannan sai abinci ya fita raina.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin in roƙe ka ka ce masa an fasa wasan gaba ɗaya. Na fasa, domin idan ya gano, ba zai ƙara yarda da mu ba, kuma nan gaba da maganarmu zai dogara fiye da kullum. Abin da nake roƙo shi ne ka bincika sosai, ka gano gaskiyar ko kwamfutarsa za ta ɗauka, ko Kalgo zai fito, sannan ka kira shi ranar Juma'a bayan ya dawo masallaci, lokacin ransa yakan yi sanyi. Ka gaya masa gaskiya ko mai daɗi ce ko marar daɗi. Ka gaya masa na faɗa maka komai, zan ɗauki fushinsa. Kai ne babba, kuma kai ka kawo masa wannan farin cikin, daga bakinka zai fi jin cewa wasan zai jira shi amma idon ba zai jira ba. Idan za ka iya samun izini a wurin aiki ka tare mu a Yamai, ka faɗa masa haka, ina ganin zai fi ƙarfin zuciya. Alkassoum ya riga ya nemi hutu, ni ma a shirye nake, Dassin ta ce za ta riƙe yara.

Akwai abu na ƙarshe, jiya ya faru, kuma shi ya sa na kasa ƙara jinkirta takardar nan. Da hantsi ina wanke-wanke ya kira ni, ya ce in goge hannuna in zo. Ya tashi daga kujerarsa, wadda ko jikokinsa ba ya bari su hau, ya ce in zauna. Ya ɗora hannuna a kan sandar, ya ɗora nasa a kai, ya shiga koya mini yadda ake ja a hankali idan jirgi ya ɗauki gudu. Na ce Baba ni ina ni ina tuƙin jirgi, ga tukunya a kan wuta. Ya ce in bar tukunya. Ya ce yana so in iya, don ko da ranar ta zo ba ya gani, ni in tuƙa, shi ya zauna a gefena, in riƙa gaya masa abin da ke ƙasa, kuma kada in rage masa komai. Na tashi jirgin a karkace, hawaye sun hana ni ganin gabana, shi kuwa yana cewa madalla, haka ake yi. Yaya, har yanzu ban san ma'anar abin ba. Ko yana shirin yarda a yi aikin ne, ko kuwa ya sallama idon ne gaba ɗaya. Na kasa tambayarsa. Ya ce gobe ma in zo, zai koya mini sauka.

Ka gaishe mini da Siddiƙa da kyau, ka ce mata turaren da ta aiko ya iso, na gode. Ka shafa mini kan Kalilu da ƙannensa. Alkassoum yana gaishe ka, Ni'imatullahi da Fatahu suna gaida Kawunsu, Malam Hamadi ma kullum sai ya tambaye ka. Ku sa Baba a addu'a, mu ma muna yi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya nuna mana abin da ya fi alheri, Ya haɗa fuskokinmu cikin aminci. Don Allah kada Juma'ar nan ta wuce ba ka kira ba.

Ni ce ƙanwarka,
Zulaihatu