Sati biyar ban kai jikana makaranta ba

Assalamu alaikum masu wannan shafi. A ɓoye sunana. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ke rubutawa ina faɗa. Wanda ya zo zagi ya fara jin magana tukuna, don na haifi wanda ya girme shi.

Ranar Lahadin nan mu biyar ne a tsakar gida a Dutsin-Ma: ni, da ɗana na fari wanda ba na kama sunansa, da matarsa mai aikin asibiti, da ƙanwata da ta zo daga Kurfi, sai jikana ɗan shekara uku da nake kira Maigida. Yana ta tsalle yana surutu, kumatu sun fito. Sai uwarsa ta dube ni tana murmushin nan nata ta ce, "Inna, ba ke kika ce makarantar nazare za ta kashe shi ba? To ga gawar nan tana tsalle." Kowa ya yi dariya. Ta ƙara da cewa ranar Alhamis ba ta da aiki, da kanta za ta kai wa malamarsa turmin atamfa ta yi godiya.

Godiyar me? Yaron nan sati biyar bai taka makarantar ba.

Da aka sa shi, ni aka ɗora wa kaiwa da ɗaukowa, tunda su da sassafe suke fita. Ni kuma ina da ido. Wata guda yaro ya zube, wuya kamar na ɗan tsako. Kunun da nake zuba masa a gora haka yake dawowa, wai sai an kaɗa ƙararrawa ake sha. Ciki ya san ƙararrawa? Fitsari yake matsewa har gida don tsoron masan makarantar. Abin da ya fi ƙona mini rai, da babba ya shigo sai ya ɗora yatsa a baki ya ƙame, haka aka koya musu. Na gaya wa uwar, ta ce tarbiyya ce, zai saba. Na gaya wa uban, ya ce in bar wa waɗanda suka yi karatu. Ni da na raini bakwai!

Shi ne na ce wa malamar an kai shi Kurfi jinya, kada ta dami uwarsa da waya. Kullum in sa masa kayan makaranta, mu wuce gidan ƙawata a bayan kasuwa. Ya sha kunu da zafinsa, ya yi wasan ƙasa, ya yi barcin hantsi a bayana. Har jan biro na saya. In ya yi zane a littafinsa sai in yi masa irin ƙugiyar nan da na ga malamar na yi. Uwar da duk iliminta ba ta gane ba.

Na yi ƙarya da furfurata, na sani, kuma ina jin kunya. In ɗana ya ji, Kurfi zai mayar da ni, a damƙa yaron ga mai babur. Wa zai lura ko ya ci?

Washegari Litinin na shirya shi, na ce yau kam makaranta. Yana hango lilon makarantar ya fizge hannuna yana kiran wata Ummi, abokiyarsa, da murnar da ban taɓa gani ba a gidan ƙawata. Sai aka kaɗa ƙararrawa. Ya tsaya cak a bakin ƙofa, ya ɗora yatsa a baki. Na sunkuce shi na goya, yana ta waige yana kuka, ban san ko na tsoro ba ne ko na Ummi.

An riga an sayo atamfar, Alhamis kuma jibi ce. Ku da kuka yi karatun, me zan yi?