Ar'ar Iri Biyu a Buhu Ɗaya

Misfala, Makka, ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikinki, yaya yara da jikoki? Ni yau ƙafa ta ɗan sake ni, ido ne dai ke raguwa.

Gaskiyarki, itacen ar'ar da na aiko miki bara ba shi ne wanda marigayiya Inna take turara mana ba. Na koma wa mai shagon, ya ce, "Ya Ammi," wato baffa, "ar'ar duk ar'ar ne." Na ce, "La wallah!" Na sayo buhu ɗaya a wurinsa, na juye a faranti, kwana uku ina tsince shi. Iri biyu ne. Ɗaya 'ya'yansa jajaye, ɗayan baƙaƙe da farin gari a jikinsu, hayaƙinsa kuma ya fi sanyin ƙanshi. Shi ne na Inna. Wani malamin jami'a ya ce yau zai zo ya karɓi kowanne, a tatsi mansa a tabbatar.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa.

Yayanki,
Isa

Har magariba malamin bai zo ba. Na ƙulle miki mai baƙaƙen 'ya'yan, gobe zan ba wani alhaji ya kawo miki. Hancina bai manta ɗakin Inna ba.