Baba a Bakin Ƙofa, Takalma a Hannu

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki tabbata bayan cin abinci take shan maganin, ba kafin ba.

Yau kwanana goma sha shida a ɗakin gwaje-gwajen asibiti. Aikina in karɓi kwalaben jini, in duba ko sunan da ke jikinsu ya yi daidai da na takarda. Abokan aiki har sun laƙaba mini Sake-Duba, wai sau uku nake karanta kowace kwalba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Yaya, tun rasuwar Baba ban ƙara ɗaga hannu na yi addu'a ba. Salla kam ban bar ko ɗaya ba, amma ina sallamewa nake miƙewa. Wata bakwai yana jinya, abu ɗaya na roƙa: ya ga ranar yaye mu daga makaranta. Ban ma ce ya warke ba. Ya rasu saura kwana tara. Shekara talatin yana ɗinkin takalman mutane a bakin titi don in kai wannan rana, kwana tara kacal suka gagara. Na san bai dace ba, amma haushi nake ji. Kin san wanda nake nufi, hannuna ne ya ƙi rubutawa.

Ga kuma wani mafarki, iri ɗaya, sau huɗu ke nan. An koya mana mummunan mafarki ba a faɗa wa kowa, mai kyau kuwa masoyi ake faɗa wa. Ni na kasa gane wanne ne nawa. Na ja layi a takarda, alamun alheri a dama, na sharri a hagu, suka tashi uku da uku. Saboda haka ba zan faɗa miki ba tukuna.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiyar Inna, Allah ya biya ki. Wasiƙarki ta iso, kuma na bi shawararki, ranar Asabar na je wurin Kawu.

Na same shi a zaure yana duba littattafan ɗalibansa. Da na miƙa masa takardar mai layi, ya sauke tabarau ya ce, "Ke Auta, mafarkin ma sai an ɗebi jininsa?" Ya tambaye ni ko a firgice nake farkawa. Na ce a'a, da kuka dai. Ya ce to kewa ce ba tsoro ba, in faɗa, ai shi masoyina ne. Ke ma masoyiyata ce, don haka ga mafarkin.

Ina cikin zauren bikin yaye ɗalibai, sanye da rigar yaye. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ba takalmi, ya riƙe takalman a hannun hagu. Bai shigo ba. Ni kuwa takardar sunayen baƙi ce a hannuna, ina ta neman sunansa ban gani ba, har in farka.

Na gaya wa Kawu fassarata: ƙofa hani ce, ƙafa ba takalmi kuma rashi ne, wato an hana shi ganin ranar a duniya, ana kuma nuna mini. Ya ce shi ba mai fassara ba ne, Allah ne masani. Amma ya tuna mini annabin da aka ce ya tuɓe takalmansa domin yana kwari mai tsarki, za a yi magana da shi. Ya ce, "Wannan ba korarsa aka yi ba, kiransa aka yi. Wa ya gaya miki zaurenku Babanki yake shirin shiga?"

Sai ya tambaye ni yadda fuskar Baba take, yana murmushi ko yana baƙin ciki. Yaya, sai a lokacin na lura. Sau huɗu, ban taɓa ɗaga kai daga takardar na dube shi ba.

Sai Kawu ya kawo ƙissar annabin nan dattijo da ya rasa ɗansa, ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, amma ya ce wurin Allah kaɗai yake kai baƙin cikinsa. Ya ce, "Shi bai fasa kuka ba, bai kuma fasa magana da Ubangijinsa ba. Ke kuwa, 'yata, gaba kike yi." Kalmar nan ta tsorata ni. Da na koma ɗaki na duba ayoyin biyu da kaina. Haka suke, bai ƙara komai ba.

Ki sa ni a addu'a, tunda ke kina yi.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, Inna kuma ta sami sauƙi. Wannan gajeriya ce, a lokacin hutun rana nake rubutawa.

Jiya bayan la'asar, a ɗan ɗakin da muke salla bayan wurin aiki, na sallame ban tashi ba. Na ɗaga hannu, na rasa ta inda ake farawa. Sai kawai na faɗi abin da ya faru yadda yake. Na ce na roƙa wata bakwai, na ce saura kwana tara, na ce na ji ciwo, kuma na ji haushi, ina neman gafarar gabar da na yi. Na ce har yanzu ban gane hikimar ba. Daga nan na roƙa wa Baba rahama da hasken kabari, abin da na hana shi wata biyar saboda fushina. Wannan ya fi komai sa ni kuka.

Shugabar sashenmu ta leƙo tana nemana, kwalabe sun taru. Da ta ga fuskata sai ta ce, "Ƙarasa, 'yar nan, jini ba ya gudu," ta ja ƙofar.

Ba zan yi miki ƙarya ba, Yaya, haushin bai tafi duka ba. Amma yanzu wurin Allah nake kai shi.

Ki rungume mini yara, ki gaida Inna da kyau.

Taki har kullum,
Auta