Neman Mota Bayan Hatsarin Baban Walida

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Na fara da gaisuwar ƙanwa mai kewar yayarta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah Ya ba ki ladan tsayuwar da kike yi a kan marasa lafiya a asibiti, Ya raba ki da ciwon bayan nan da kika ce yana damun ki. Mu nan lafiya, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zagayen tsakar gida tana yi wa kajinta faɗa kamar suna jin magana. Walida ta shiga sakandare, ta yi tsawo ta kusa kamo ni. Auta kuwa haƙoransa na gaba sun zube, ya daina dariya a gaban baƙi, sai dai ya toshe baki da hannu yana ƙyaƙyatawa.

Yaya, za ki yi mamakin ganin takarda alhali muna waya. Dalili shi ne duk lokacin da kika kira ni, maigidana Baban Walida yana kusa, in kuma ba ya nan muryata ce ke ƙin ba ni haɗin kai. Kin san hatsarin da ya yi da damina, ranar da tirela ta ƙwace ta afka musu yana dawowa daga kai magunguna, da yadda Allah Ya karɓi ran amininsa Tela da ke zaune kusa da shi. Ƙafarsa ta ɗinke, ya ajiye sanda, duk wanda ya gan shi sai ya ce barka da arziki. Motar dai ba ta moru ba, 'yan gwangwan suka kwashe ta. Aikinsa kuma kin sani, kamfanin nasu kowa da motarsa yake zagaya garuruwa yana sauke kaya a shagunan magani. Manajansu ya yi mana kara sosai, amma daga baya ya aiko cewa wanda ke riƙe masa hanyar ya gaji, ya kamata a san abin yi. Shi ne muka shiga neman mota, matsakaiciya wadda ba za ta karya mu ba, mai cin mu da yara da Inna, bayanta kuma ya ɗauki katan-katan ɗin magani.

Wurin masu sababbi muka fara zuwa. Ni ban taɓa shiga irin wurin ba, ko'ina gilashi, ƙasa tana sheƙi har ina tsoron takawa. Wata mai sayarwa ta kai mu gaban wata ruwan toka, kujerunta ko ledar ba a cire ba. Ba zan ɓoye miki ba, ina zama a ciki na ji ta kwanta mini a rai. Sanyin esinta har baya, mutum uku za su zauna a kujerar baya ba a matse ba, but ɗin kuwa Auta zai iya shimfiɗa tabarma a ciki. Ta ce ba ta shan mai, kuma in wani abu ya lalace cikin shekarun farko su za su gyara. Kuɗinta ya yi mana nauyi, amma na ga in muka ƙuntata wa kanmu za mu iya. Shi kuwa maigidan ko kallon sitiyari bai yi ba. Ya zagaya ɗaya gefen, ƙofar mai zaman gaba, ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ce wannan ai gwangwanin madara ce aka yi wa fenti. Matar ta yi masa bayani cikin ladabi, wai da gangan ake yin jikin haka don ya lotse ya shanye bugu, mutanen ciki su tsira. Ya tambayi jakar iskar nan da ke fashewa ta tare mutum in an yi karo, ko akwai a wannan gefen, ko akwai ta jikin ƙofa. Ta ce akwai ta gaba, ta ƙofa sai a mai tsadar. Da ta miƙo masa makulli ya ɗana, sai ya ce bai fito da lasisinsa ba. Ni kuwa na san yana cikin walat ɗinsa, don da safen na gan shi.

Da muka fito muka biya garejin bakanikenmu, wanda kowa ke kira Gemu. Shi ya daɗe yana duba mana tsohuwar, kuma ba ya rufa-rufa. Ya ce sabuwa sabuwa ce, babu wanda ya wahalar da ita kafin kai, amma wannan ɗin cikinta ya yi ƙasa da yawa, hanyoyin ƙauyen da maigidan ke bi za su riƙa kankare ta. Ya ce kuma kayan gyaranta ba su wadata a kasuwa ba tukuna, fitila ɗaya in ta fashe sai ka yi ta jiran a kawo. Ta hannu kuwa kayanta ko'ina akwai, kowane gareji an san ta, sai dai ba ka san irin riƙon da ta sha ba. Ya ce mu zaɓi wahalar da za mu iya ɗauka, shi zai raka mu duk inda za mu.

Haka muka yi ta yawon filayen dillalai, duk ranar da ba ni da koyarwa a makaranta. Yaya, in kina neman rantsuwa ki je wurin nan. Kowace mota wai ta wata baiwar Allah ce da ba ta zuwa ko'ina sai ofis, har Gemu ya ce yana son ya ga matar nan mai motoci ɗari. Wata mun ɗaga shimfiɗar ƙasanta muka ji warin ruwan da ya kwana, ashe ambaliya ta taɓa cinye ta. Wata in ka tsaya ta gefe a rana sai ka ga fentin ƙofa daban na jiki daban. Wata mitarta ta nuna ba ta yi tafiya ba, amma robar birki ta suɗe sumul, sitiyarin ya yi santsi kamar an shafa masa mai. Wata kuma lafiyayya a ido, ana tayar da ita salansa ya turnuƙe mu da hayaƙi. A nan ne na fara lura da abin da ya hana ni sukuni. Duk motar da aka samu da aibi, sai in ga fuskar Baban Walida ta saki, har ya ja Gemu da hira a hanya. In kuwa Gemu ya yi shiru yana gyaɗa kai alamar mota ta yi, sai maigidan ya tsiro da nasa, ko launin bai yi masa ba, ko madubin ya yi ƙanƙanta. Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙa mota mai ƙofar da sai an ɗaure da waya, yau shi ke kushe madubi.

Ana haka Gemu ya samo labarin wani dattijo, tsohon likitan dabbobi, da idonsa ya yi rauni 'ya'yansa suka hana shi tuƙi. Motarsa irin sabuwar nan ce da muka gani, amma tsohon yayi, jikinta ya fi kauri, cikinta ya fi tashi daga ƙasa, kuma mai canza giya da kanta ce. A ƙarƙashin rumfa take ajiye. Tana da nata aibin: sanyin esin ba ya kaiwa baya, gilashin ƙofa ɗaya sai an taimaka masa da hannu, akwai tabon wani magani shuɗi a kujerar baya da ya ƙi fita. Gemu ya buɗe gaba ya duba baƙin mai, ya kwanta ya shige ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito yana kaɗe riga ya ce ban da shokazoba da ke son canji bai ga abin faɗa ba. Dattijon bai tambayi kowa ba, ya kama hannun maigidan ya danƙa masa makulli, ya ce ɗana, zagaya da ita ka ji da kanka. Kin san shi da kunyar manya, sai ya karɓa.

Ya shiga, Gemu a gefensa, ni a baya. Ya tayar, ya fita layin a hankali, ya hau titi. Wallahi Yaya har na fara hamdala a zuciyata, ina cewa ashe zargina ne kawai. Muna isa shataletale wata babbar mota ta danna ham a bayanmu. Sai kawai ya taka birki a tsakiyar hanya, ya tsaya cak. Motoci suka taru, masu ham na yi, masu zagi na yi, wani har ya leƙo yana tambaya ko a kasuwa ya sayi lasisin. Shi kuwa idonsa na gaba, gumi na zuba har wuyan riga, ina kiran sa ba ya ji. Gemu ne ya fita ya zagayo, ya ɓamɓare yatsunsa daga sitiyari ɗaya bayan ɗaya, ya kama shi ya dawo da shi kusa da ni, shi ya karɓi tuƙin. Na riƙe hannunsa, sanyi ƙalau kamar an tsamo shi daga randa. Da muka koma, Gemu ya ce wa dattijon mota lafiya lau, zazzaɓi ne ya taso wa maigida a hanya. Allah Ya saka wa mutumin nan, har yau ban ji maganar a bakin kowa ba.

Washegari da yara suka tafi makaranta na ƙi fita, na kai masa shayi na zauna. Ban tambaye shi komai ba. Can ya ce, ba ya kallo na, wai lokacin da abin ya faru Tela yana cikin ba shi labarin wani mai ƙiba da ya kawo ɗinki ya rantse bai ƙara ko kaɗan ba, suna ta dariya, bai kai ƙarshen labarin ba. Ya ce da zarar ya kama sitiyari sai muryar ta dawo daidai inda ta tsaya, yana jira a ƙarasa, sai ya daina ganin hanya. Ya ce ko sabuwa ko tsohuwa duk ɗaya ne a wurinsa, mu daina wahalar da Gemu. Tunda muka yi aure ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka ɗora masa ƙafa.

Na ce masa duk da haka mu sayi ta dattijon, gidan nan na bukatar mota, ga asibitin Inna ga makarantar yara. Ya ce wa zai ja ta. Na ce ni. Ya dube ni kamar bai taɓa gani na ba, ya tashi ya fita, ya yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ban san me ya sauya masa ra'ayi ba, ranar nan dai na dawo daga aiki na tarar da ita a ƙofar gida, Gemu ya kawo. Ba ta bar mu mun huta ba kuwa, satin farko lagireto ya fara yoyo, aka gyara, batir ya ce shi ma a san da shi. Wani lokaci in na wuce wurin masu sababbin sai in kau da kai. Amma injinta lafiya, kuma da yake babu kuloci ban sha wuyar koyo ba, wata malama a makarantarmu ke fita da ni filin ƙwallo bayan an tashi. Manaja ya mayar da maigidan sito yana lissafin kaya na ɗan lokaci, ya ce ba zai iya riƙe masa hanyar har abada ba. Mutumin da ya saba da iska da garuruwa, yanzu yana wuni tsakanin kwalaye, ya dawo ya zauna shiru, abinci ma sai na matsa.

Abin da nake roƙon ki, ke da kike cikin aikin asibiti, ki gaya mini wane irin likita ake gani a kan wannan, da yadda zan faɗa masa ba tare da ya ji kamar na ce ya taɓu ba. In da hali kuma maigidanki ya kira shi, ba don ya yi masa nasiha ba, hira kawai, don yana jin nauyinsa. Inna ba ta sani ba, ta ɗauka ƙafar ce har yanzu, ki bar ta a haka.

Jiya na fara hawa babban titi, kuma shi na kai wurin aiki. Ban roƙe shi ba, ina goge gilashi ya fito da jakarsa ya buɗe baya ya zauna. Duk hanyar yana riƙe da kan kujerata, ina jin numfashinsa a ƙeyata. Da muka isa ƙofar kamfanin ya ɗan jima bai fita ba, sannan ya ce ina taka birki kamar muna da tsohuwar gaba da shi, amma dai ba laifi, ya samu direban da ba a biyan albashi, in dawo da yamma kada in makara. Rabon da ya tsokane ni tun kafin damina. Na sha kwana na samu gindin wata bishiya na tsaya, na kifa kai a sitiyari na yi kuka mai isata, ni kaina ban san na daɗi ne ko na tsoro ba. Sannan na share fuska na wuce makaranta.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da 'yan biyu, da takwarar Inna, ki ce mata ina nan ina jiran hoton da ta yi mini alkawari. Inna tana sa muku albarka, Gwaggo ta ce a gaya miki ta yi fushi ba kya kiran ta. Walida da Auta suna gaida Mama Babba. Ki sa mu a addu'a, Yaya, musamman shi. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai kewar ki,
Maman Walida