Abin da Na Ɓoye Maka Game da Tabawa

Zuwa ga Malam, uban 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke iya yi wa wanda ya riga shi, ina sanar da kai cewa mu da ka bari muna nan lafiya. Yara duk sun yi gidajensu. Ni ƙafa ta yi nauyi, amma bakina na nan yadda ka san shi, har jikoki na kirana Hedimasta in na juya baya.

Ban taɓa rubuta maka takarda kana raye ba, don ba ka taɓa yin nisa da ni ba. Yau na rubuta, kuma na bar ta a buɗe kowa ya karanta, domin akwai maganar da na ɓoye maka har ka koma ga Allah. Maganar Tabawa ce, ɗiyar Jatau Bamaguje.

Ka tuna shekarun da kuɗin mai ya shigo, gwamnati ta ce kowane yaro ya je firamare kyauta. Kana shugaban makarantar nan ta bayan Tafoki, ni ina koyar da 'yan aji biyu. Yara suka yi yawa har muka rataye allo jikin tsamiya. Sababbin malamai kowa da babur ɗinsa mai sheƙi, kai kuwa da tsohon kekenka kake bin gidajen Maguzawa na bayan dutse, ka zauna bisa kututture kana jiran su taso daga gona. In an ce kana wahalar da kanka, sai ka ce, "Ba a aiko ni in koyar da 'ya'yan waɗanda na sani kaɗai ba."

Ka tuna kuma ranar da ka gano an ajiye wa 'ya'yansu wata randa mai fasasshen baki a bayan aji. Da safe, gaban dukan 'yan makaranta a layi, ka sa aka ɗauko ta, ka ɗebi ruwa da moɗarsu ka sha, ka yi hamdala. Ka ce daga yau randa ɗaya ce. Wasu iyaye suka janye 'ya'yansu, ka bi su gida-gida har suka maido su. Ni kuwa na cika matan gari da labarin mijina mai tsoron Allah.

Tabawa ta fi kowa a makarantar nan. Kafin malami ya ajiye alli ta gama lissafin. Da suka kai ajin ƙarshe ka sa masu darasin yamma saboda jarrabawar shiga sakandare, ita kuma gidansu da nisa. Ka je ka roƙi Jatau ya bar ta ta zauna wurinmu har a gama. Ya rako ta da kansa, da zakara a hammata, ya durƙusa ƙofar gida ya ce mani, "Uwar gida, ga amana."

Malam, abin da ka hana a makaranta shi na yi a cikin gidanka. Na ware mata kwanonta, na ware mata moɗa na ɗaura jan ƙyalle a mariƙin. Kai a zaure kake cin abinci da malamai, ba ka ga komai ba. Na ce wa kaina tsabta ce. Ni da na yi sakandare lokacin da matan da suka yi ta a ƙasar Faskari ba su da yawa, ni da aka karantar da ni cewa sauran ruwan ɗan Adam mai tsarki ne. Ba jahilci ba ne ya sa ni. Girman kai ne, kuma na san sunansa tun a lokacin.

Wata Laraba da bazara, saura mako uku jarrabawa, suka dawo ita da babbar ɗiyarmu, leɓunansu sun bushe. Ba ta ga moɗarta ba, sai ta ɗauki tamu ta sha. Na karɓe daga hannunta. Na ɗebo toka na goge, na ɗauraye, na sake, na sake, har sau bakwai, yadda ake yi wa ƙwarya in kare ya sa baki. Ban ce mata uffan ba. Tana tsaye, leɓenta na motsi. Ƙirgawa take. Ɗiyarmu ta ce, "Haba, Inna!" Na harare ta, ta yi shiru, kuma shirun nan ta riƙe shi har yau saboda tsorona.

Da gari ya waye na tarar da tabarmarta a naɗe, kayan makarantarta a ninke bisa, littattafanta a jere. Ko fensir ba ta ɗauka ba.

Ka tsaya bakin ƙofa ka tambaye ni ko wani abu ya faru. Na ce maka, "Ai ka san halinsu, ba su zama wuri ɗaya." Wannan ita ce ƙaryar da na yi maka, kuma ka yarda, don ba ka taɓa kama ni da ƙarya ba.

Sau uku ka hau keke cikin ranar nan mai ƙuna ka je bayan dutse. Jatau ya ce maka, "Malam, ta ce ba ta komawa, kuma ta ƙi faɗin dalili. Ni ban iya ɗaure ta." Ka tara malamai ka tambayi wanda ya doke ta ko ya zage ta. Kowa ya rantse. Ranar jarrabawa a Faskari ka ƙi cire sunanta. Ka tsaya bakin makarantar kana duban hanya har aka rufe ƙofa, ka dawo gida ba ka taɓa tuwo ba.

Daga nan har ciwon ajalinka, in an yi zancen ɗalibai sai ka ce, "Akwai inda na yi kuskure a kan yarinyar nan." Ni kuma ina zuba maka ruwan wanke hannu, in ce Allah ne bai nufa ba.

Ku matan malamai da za ku karanta wannan, da ku malaman kanku, ku ji ni da kyau. Yaron da aka saba rainawa ba ya buƙatar a zage shi kafin ya gane. Yana kallon inda aka zaunar da shi, da abin da aka zuba mashi abinci a ciki. Shugaba na iya gyara makaranta duka, mutum ɗaya ya rushe mashi aikin ba tare da ya buɗe baki ba. Na tsawata wa 'ya'yan mutane shekara da shekaru a kan gaskiya, ina ɗauke da wannan.

Makon jiya na je suna a garin Sabuwa. Na ratsa kasuwa, sai wata mai daddawa, kanta duk furfura, ta miƙe ta durƙusa ta ce, "Inna, ba ki gane ni ba?" Ita ce, Malam. Ta ce har yanzu ita ke karanta wa mutanen unguwarsu takardar asibiti, ita ke rubuta masu wasiƙa. Ta tambaye ka. Da na ce ka daɗe da rasuwa, sai ta rufe fuska da gefen zane ta yi kuka, ta ce kai ka fara riƙe hannunta ta rubuta sunanta.

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa maka. Ta ce, "Da na faɗa, da gidan Malam ya ɓaci. Shi kuwa bai yi mani komai ba." Na nemi gafararta nan tsakiyar kasuwa. Ta ce, "Ya wuce, Inna." Har na juya sai ta riƙo mayafina ta ce, "Ke malama ce, ki faɗa mani gaskiya. Da na zauna jarrabawar nan, da na ci?" Na ce da ke za ki zo ta ɗaya. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ni ma haka nake gani. So nake in ji daga bakin wani." Sai mai saye ya zo, ta koma bakin farantinta.

Malam, ba ka yi kuskure a kan yarinyar nan ba. Ko kaɗan. Ka daina neman laifin a wurinka, ga mai shi nan tana rubuta maka. Na so in faɗa maka ranar da kake kwance, kana riƙe da hannuna kana ce mani na rufa maka asiri duk zamanmu, sai na kasa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa yaran da ka bi har gida su zama hujja gare ka ranar gobe. Allah Ya buɗa wa Tabawa da zuriyarta abin da na rufe mata. Ni kuma Allah Ya yafe mani, Ya sa in mun haɗu ka iya duban fuskata.

Wassalam.

Uwar 'ya'yanka,
Malama Asabe