Watannin da Ban Yi Fashin Salla Ba

Bukkoki, Arlit, 1992

Zuwa ga sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, rijiyata a ƙasar da ba rijiya, dabinon da na ɓoye a bakin zane don ranar yunwa, mijina Nomau.

Ga shi na rubuta sunanka, sunan da bakina bai taɓa iya furtawa a gabanka ba tun ranar da aka ɗauko ni daga Damagaram aka kawo ni ɗakinka. Alƙalami ba shi da kunya irin tawa, kuma yau ba ranar kunya ba ce. Assalamu alaikum, maigidana, ɗan Adar mai fushi irin na ruwan hamada, ya zubo da ƙarfi ya ɗauke tun ba a fito da tulu ba. Ina roƙon Allah ya sa fushin nan ma irinsa ne!

Yaya ƙarfin jikinka? Yaya tarin nan? Wa ke wanke maka riga a Anou Araren, wa ke ce maka ka ci abinci tun bai huce ba? Tun ranar da kamfani ya rage ma'aikata aka karɓe makullin gidanmu na site, unguwar ma'aikatan kamfani, ka kawo ni nan Bukkoki wajen yayarka, Yaya Dije, ka hau kamiyo, babbar motar kaya, ka tafi haƙar gawayin ƙasa, ban ƙara sanin ɗanɗanon komai ba. Da magariba, in fitilun site sun kama, nakan tsaya bakin darni in yi ta kallonsu daga nesa. An ce da gawayin da kuke haƙa ake ba garin nan lantarki. Sai in ce a raina: wutar can daga hannun mijina ta fito. Kowa yana ganin haske, ni kaɗai nake ganin guminka.

Na san saƙon Yaya Dije ya riga nawa isowa. Ya tafi da ayarin motocin da sojoji suka raka kafin a sake rufe hanya, kuma tun daga ranar ba ka aiko da kalma ko ɗaya ba. Shirunka ya fi duwatsun Abzin nauyi a ƙirjina. Ka saurare ni, hasken raina. Ka karanta har ƙarshe kafin ka buɗe baki ka faɗi abin da ba ya komawa.

Gaskiya ne al'adata ta ɗauke. Bayan tafiyarka na gan ta sau ɗaya, kuma Yaya Dije ta shaida. Daga nan shiru. Wata ya tsaya, ya cika, ya mutu, wani ya tsaya, har huɗu. Ka san zaman Bukkoki: darni ɗaya, buta ɗaya, tabarma ɗaya. Wace mace ce za ta ɓoye sallarta a irin wannan gida? Ashe ina kabbara ana lissafa mini. Wata rana da hantsi ina tankaɗe, Yaya ta tsaya a kaina ta ce, "Ke Inno, yaushe rabonki da fashin salla? Mi kika ɓoye muna?" Wallahi da farko ban gane ba. Sai da na ga inda idonta ya sauka, a kan cikina, sannan rariya ta faɗi daga hannuna.

Kuma ka san sunan wa aka ɗauko? Rhissa! Rhissa Ba'abzine, abokin aikinka na cikin rami, wanda ya goyo ka a bayansa ranar da dutse ya danne maka ƙafa. Rhissa da ka riƙe wa hannu a tasha a gabana ka ce, "Ga amanata nan." Laifinsa duka shi ne yana sauke mana jarkokin ruwa da jakinsa a bakin ƙofa, ya yi sallama daga waje, fuskarsa cikin rawani, ya juya. Ko launin tabarmar ɗakina bai sani ba.

Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma ka san kwanakin da muke ciki. 'Yan tawaye suna tare hanya, sojoji suna bi unguwa-unguwa suna kwashe mazan Abzinawa, mai laifi da marar laifi, kuma wanda aka jefa bayan mota ba a sanin ranar dawowarsa. A cikin wannan hali ƙanenka Ɗanladi ya tsaya tsakar gida, jijiyar wuyansa a miƙe, ya ce, "Maganar Yaya Nomau kawai nike jira. In ya ce e, ni da kaina zan nuna wa soja ƙofar Rhissa. Ba sai na ce komai ba, ɗan tawaye kawai zan ce." Ya Rabbi! Jinin da ya ƙi sauka daga jikina shi zai jawo a zubar da na mutumin da bai ci ba bai sha ba?

Aka yi ta kawo mini mafita, kowace ta fi 'yar'uwarta duhu. Wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce in faɗa musu kwantaccen ciki ne, naka ne, ya yi barci ne kawai yanzu ya farka. Wata mai tallar magunguna ta biyo ni har bakin famfo da ƙullin saiwa, ta ce in jiƙa in sha, kafin kwana biyu jini zai sauko. Na tsaya da ƙullin a hannuna. Sai na ga ramin da ke gabana. In jinin bai zo ba, a ce ciki ne. In ya zo, a ce na zubar. Ka taɓa jin wanda ke tsoron ƙishi kuma yana tsoron ruwa? Haka na zama. Kullum in duba zanena ina addu'ar in gani, ina kuma addu'ar kada in gani tukuna.

Na mayar mata da ƙullinta. Washegari na ɗauki mayafin Yaya Dije na miƙa mata, na ce, "Yaya, ban taɓa ɗaga miki murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Amma ƙafata ƙafarki zuwa likita. Idonki ne ya ga laifina, kunnenki ne zai ji hukuncina." Likitar kamfani, asibitin ma'aikata, ta daina karɓarmu tun da aka sallame ka, don haka ta gwamnati muka nufa, muka bi layi har rana ta take tsaka.

Ungozomar babbar mace ce mai furfura a goshi. Na roƙe ta ta bar Yaya ta shigo, ta dube mu duka biyu, ta gane, ta nuna mata kujera. Ta aika da fitsarina awo. Ta kwantar da ni ta danna marata ko'ina. Ta ja fatar idona ta leƙa, ta girgiza kai. Ta ɗora ni a kan sikeli. Sannan ta kama awarwaron nan da ka sayo mini a Agadez, wanda da sai da sabulu yake fita, ta ja shi da yatsa ɗaya ya zare ya faɗo tafin hannunta. Ta ce, "Sau nawa kike cin abinci a yini?" Ta yaya zan faɗa a gaban Yaya Dije cewa tun da gero ya gagara muka koma ci sau ɗaya, kuma rabin nawa 'ya'yanta nake tura wa in sun kafa mini ido? Ta yaya zan faɗi dakan da nake yi wa matan site daga safe har la'asar, ko fargabar da ke hana ni barci duk sanda aka ce an ƙone wata mota a hanyarku?

Da sakamakon awon ya dawo, ba ni ta kalla ba, Yaya ta kalla. Ta ce, "Baiwar Allah, yarinyar nan ba ta da ciki, na kwance ko na tsaye. Ba ciki kaɗai ke ɗauke al'ada ba. Shayarwa tana ɗauke ta, allurar tazarar haihuwa tana ɗauke ta, ciwon maƙoƙo da ƙiba mai yawa da manyanta duk suna rikita ta. Ita wannan yunwa ce, da aikin wahala, da fargaba. Jiki in ya ga abin da ke shiga bai isa ba, sai ya tsayar da abin da zai iya jira don ya tsira da rai. Tun da farin nan ya tsananta, mata irinta nawa suka kwanta a gadon nan!" Ta ba ni ƙwayoyin ƙarin jini. Ta ce in ci wake da zogale da hanta in an samu, in sha nono, in rage daka, in yi barci. Ta hana ni shan kowane jiƙo, ta ce ta sha ganin wadda saiwa ta ɓalle wa jini har lahira. Ta ce in koma bayan wata guda, in kuma shirun ya ci gaba za ta tura ni babbar likita ta Agadez a bincika sosai.

Da muka fito Yaya Dije ta zauna a gindin katanga. Ta rufe fuska da mayafi. Can ta ce, "Saƙo ya riga ya tahi, Inno. Saƙo ya riga ya tahi." Tun ranar ita ke dakan, ita ke zuba mini tuwo ta tsaya a kaina sai na cinye. Na yafe mata, kai ma ka yafe. Amma Ɗanladi ya ƙi ji. Ya ce maganar mata ce, mun haɗa baki mun rufa wa juna asiri. Har yanzu kalmarka yake jira.

Ka san wa ke kawo mini nonon da ungozoma ta ce in sha? Mina, matar Rhissa. Akuya ɗaya ta rage musu daga farin nan. Ta ji duk abin da aka faɗa a kan mijinta, ta ji rantsuwar Ɗanladi, amma kowace safiya sai ta shigo da 'yar ƙwaryarta ta wuce ta gabansa, ta durƙusa ta ce da Hausarta ta Abzinawa, "Sha, Inno. Kai ba ka da laifi, shi ma ba shi da." Ina sha ina kuka. Rhissa kuwa ya daina fita ko kasuwa. Duk motar da ta tsaya a layinsu, 'ya'yansa sai su ruga bayan uwarsu.

Jiya da azahar na ɗauki buta zan yi alwala, sai na gani. Jinin ya dawo, Nomau. Na kira Yaya Dije ta gani da idonta, ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Ni kuwa na shiga ɗaki na kife. Me ya sa ni kuka, alhali ga gaskiyata ta fito? Kai kaɗai za ka gane. Shekara shida muna jiran ɗa. A can wani lungu na zuciyata, inda hankali ba ya shiga, na so maganar tsohuwar nan ta zama gaskiya. Na so a ce ungozoma ta yi kuskure, a ce ka bar mini wani abu naka yana barci a jikina, mai dogon wuya irin naka. Duk zagin da na sha, da zan sake shan ninkinsa in dai a ƙarshe a miƙa maka jariri a ce ga kamanninka.

Ka tuna yadda muke yi a gidanmu na site? Duk watan da ka sauko daga motar ma'aikata ka tarar da tabarmar sallata a naɗe a jikin bango, ba ka tambaya, ba ka ajiyar zuciya inda zan ji. Sai ka hura gawayi ka ɗora shayi irin wanda Rhissa ya koya maka, ka ba ni kofin farko mai ɗaci, ka ce, "Sha, Allah bai manta da ƙofarmu ba." Wace mace ce aka yi wa haka za ta kalli wani namiji? Wace barewa ce za ta bar korama ta bi kawalwalniya? Jiya ba wanda ya hura mini gawayi. Na zauna da ciwon mara da ciwon kewarka, ban san wanda ya fi murɗa ta ba.

An ce gobe da safe ayari zai tashi, direban da zai miƙa maka wannan kuma zai juyo da ayarin da ke biye. Ina roƙonka abu biyu, ya ruwan sanyi a maƙogwaron mai azumi. Na farko, kada ka bari ya juyo hannu wofi. Ka rubuta wa Ɗanladi da hannunka, ko layi ɗaya ne, ka ce ya kama bakinsa daga Rhissa. Ko da zuciyarka ba ta gama wanke ni ba, ka fara ceton wannan bawan Allah, ni zan iya jira, shi ba zai iya ba. Na biyu, in har akwai sauran shakka a ranka, kada ka aiko mini da ita a takarda ko a bakin wani. Ka zo da ita. Ka zauna a gabana, ka dubi wuyan hannuna da idanuna, in kai ka wajen ungozoma ka tambaye ta da bakinka. In bayan haka ka ga za ka iya furta kalmar rabuwa, ka furta ina kallonka.

Ungozoma ta ce in jikina ya murmure ba ta ga abin da zai hana ni haihuwa ba. Don haka ina ci, ko ba na so. Ina shan ƙwayoyin, ko suna tayar mini da zuciya. Ina tattalin jikin nan kamar gonar da mai ita ya yi tafiya ya ce zai dawo kafin shuka. Ba wanda ya taka ta, ba wanda zai taka, ko hanyar nan za ta shekara goma a rufe, ko Arlit za ta koma kufai kowa ya watse ya bar ni da darni.

Ka rubuta wa Ɗanladi tun kafin ka wanke baƙin gawayi daga hannunka.

Taka ita kaɗai, a yunwa da ƙoshi, a zargi da wankewa, har ranar da za a naɗe ni a likkafani,

Inno