Ki Aiko Min Da Zare

Uwargida,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ni lafiya lau, sai dai bayan nan da ɗaukar buhu ya cinye.

Wasiƙa uku kika aiko: famfo ya lalace, an gyara ƙofa. Amma zancen cikin wata biyar, sai a bakin direban ma'aikatarmu na ji, wai matarsa ta gan ki a layin awo. Yana min barka, ina washe baki kamar na sani. Haba! Kunyar cikin fari har da ni?

Ban cika ganin laifinki ba, ni ma na daɗe ina ɓoye miki ciwon nan. Tunda bakin ya ƙi faɗa, duk wata ki zagaya cikin da zare, ki yanke, ki sako min a ambulan.

Allah ya raba lafiya.

Mijinki